MASU TSARIN RAYA ƘASA, KU BUƊE TASWIRA

Jama'a, akwai wani ilmi da a ke koya wa yara tun suna ƙanana, ana ce da shi labarin ƙasa. Watau sanin inda kogi ya bi, da inda hanya ta ratsa, da ƙasar da ke karɓar auduga, da wadda ba ta karɓar kome sai gero da wake. A makarantar Mishan inda na yi karatu, malaminmu ya kan rataye taswira a bango, ya miƙa wa yaro sanda ya ce, "Nuna mini Nguru, ka kuma gaya mini abin da ya sa gari ya zauna a nan." Wanda ya kasa ya sha bulala. To, yau ina so in miƙa wa Gwamnati wannan sanda, gama na tabbata da za a tara waɗanda ke rubuta mana tsarin raya ƙasa a yi musu wannan tambaya, da bulala ta kakkarye kafin a gama da sahun farko.

Maganata a kan matsakaitan garuruwa ce, waɗanda suka fi ƙarfin a kira su ƙauye, ba su kuwa kai Kano ko Kaduna ba. Irin su Funtuwa, da Malumfashi, da Ƙauran Namoda, da Haɗeja, da Nguru, da Potiskum, da Azare, da Kafancan, da Kwantagora. A nan manomi ke sayar da amfaninsa, a nan ya ke sayen taki da gishiri da kananzir, nan ya ke kawo matarsa asibiti, nan ɗansa ke koyon walda ko kanikanci. Su ne wuyan da ya haɗa kai da gangar jiki. Abin da na ke tuhumar mahukuntanmu da shi kuwa shi ne, tun da aka sami mulkin kai taswira ɗaya tak suka iya karantawa, watau taswirar inda Gwamna ke kwana. Ta ƙasa da ruwa da kasuwa sun naɗe ta sun jefa bayan kabad.

TAKARDU BA IYAKA

Kada wani ya ce rashin tsari ne ya dame mu. Tsari kam mun sha shi har ya ginshe mu. Turawa sun yi na shekara goma a 1946. Bayan mulkin kai aka yi na 1962 zuwa 1968, aka yi na 1970 zuwa 1974, da na 1975 zuwa 1980, da na 1981 zuwa 1985. Daga nan aka shiga mafarkin shekara ta 2010, da ta wuce aka ɗaga mafarkin zuwa 2020, sa'an nan aka kawo na 2021 zuwa 2025. Kowane ɗaya da littafinsa mai kauri, da bikin ƙaddamarwa, da 'yan kwamiti masu cin alawus. Amma mai karatu ya lura da yadda a ke raba kuɗi a cikinsu. Ana cewa noma kaza, ilmi kaza, ayyuka kaza, lafiya kaza, watau an raba bisa ga ma'aikatu, kowane Minista da ƙunshinsa. Tambayar da yaron makaranta zai fara yi, wato a ina za a yi aikin, kuma don me a nan, ita ce a ke bari sai ƙarshe, sa'an nan a amsa ta da sunan garin wanda ke bisa kujera.

Ko Turawan mulkin mallaka, da duk zaluncinsu, sun fi haka wayo. Ba yabonsu na ke yi ba, gama don cikinsu suka zo. Amma sun duba ƙasa kafin su kashe kwabo. Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, suna zaton auduga za su kwasa, sai ga gyaɗa ta cika tasha. Da suka ga ƙasar kudancin Katsina da Zamfara ta auduga ce, suka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Da suka ga gyaɗa da ƙaro da fatu na gabas, suka ja wani daga Kano ya ƙare a Nguru a 1930. Kafancan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927. Duk inda aka kafa tasha sai kanti ya biyo, sai sikeli, sai 'yan dako, sai masu tuwo-tuwo, sai gari ya tashi. Aibin taswirarsu shi ne kowane layi bakin teku ya nufa, domin a fitar da ɗanyen kaya zuwa Ingila. Aikin da ya rage wa 'yan ƙasa bayan 1960 shi ne su juya wannan taswira ta fuskanci gida, a sarrafa kayan a inda aka noma su. Maimakon haka sai aka bar layukan suka ruɓe, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

FUNTUWA DA GUSAU

Mu ɗauki Funtuwa. Duk wanda ya dubi taswira zai ga Allah ya ajiye ta a mararraba. Hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta ratsa ta, hanyar Katsina ta Malumfashi a nan ta taso, wata kuma ta nufi Birnin Gwari, ga layin dogo a tsakiyar gari. Kewaye da ita ƙasar auduga ce da masara da dawa. Gonar irin auduga ta Daudawa tana kusa, masu binciken aikin gona na Samaru ba su da nisa, gidajen gurzar auduga kuma sun zauna a Funtuwa da Malumfashi da Gusau tun zamanin Turawa. Aka kafa masaƙa a Kaduna a 1957, daga baya Gusau ta sami tata, Funtuwa ma haka. Watau an sami sarƙa: manomi ya noma, gidan gurza ya raba ƙwarya da abawa, masaƙa ta saƙa, mai rini ya rina, tela ya ɗinka, gurya kuma a matse ta a sami mai da abincin shanu.

Ina sarƙar nan yau? A 1986 Gwamnatin soja ta rushe hukumomin sayen amfanin gona. Mu ba mu yi kukan mutuwarsu ba, gama shekara da shekaru suna sayen kayan talaka da arha su ci ribar. Amma su ne ke raba iri, su ne ke duba kyawun kaya, kuma da aka rushe su ba a kafa kome a gurbinsu ba. Iri ya gauraye, auduga ta lalace. Sa'an nan wutar lantarki ta gagara, man baƙi da masaƙu ke ƙonawa ya yi tsada, atamfar waje ta kwararo ta kan iyaka. Masaƙar farko ta Kaduna ta rufe a 2002, ta Gusau ma ta rufe. Ba wanda ya zauna ya ce, ga yanki guda mai cin abinci da auduga, daga Malumfashi har Ƙauran Namoda, me za mu yi masa? Ba za a zauna ba, domin a takardar Gwamnati babu wannan yanki. Rabinsa Jihar Katsina ne, rabinsa Zamfara, gefensa Kaduna, kowane Gwamna kuwa iyakar ganinsa iyakar jiharsa.

Za a ce mini ai an ba Funtuwa tashar tsandauri, inda za a riƙa sauke kayan jirgin ruwa ba sai an je Legas ba. Gaskiya ne. An amince da ita a 2006, ba a ƙaddamar da ita ba sai 2024, watau yaron da aka haifa ranar da aka yi alkawari sai da ya isa jefa ƙuri'a kafin a yanka ƙyalle. Kuma ina tambaya, tashar tsandauri ba jirgin kaya mai zuwa a kan kari, ina bambancinta da garejin manyan motoci? Tsohon layin da ya bi ta Funtuwa ƙarami ne, faɗinsa ƙafa uku da rabi, sababbin layukan da a ke shimfiɗawa kuwa sun fi shi faɗi, tarago ɗaya ba ya hawa duka biyu. Wannan ba sai an je jami'a a ke saninsa ba.

NGURU DA RUWANTA

Yanzu mu koma gabas, ga amsar tambayar malaminmu. Nguru ta zauna ne a kan abu biyu, ƙarshen layin dogo da fadama. Kogin Haɗeja da na Jama'are in sun gangaro sai su bazu cikin tudun rairayi su yi fadamu masu faɗi kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. In ruwa ya malala da damina a shuka shinkafa, in ya janye a yi noman rani, masunta su kama kifi, Fulani su kawo shanu kiwo. Kayan Barno da na ƙasar Damagaram a nan su ke hawa jirgi, busasshen nama da bandar kifi su tafi har Ibadan da Legas.

A 1964 layin dogo ya isa Maiduguri ta Bauci da Gwambe, kayan Barno suka sami wata ƙofa. Wannan ba laifi ba ne, amma ya kamata a ce an tanadar wa Nguru wani abin yi. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 aka gama ta Challawa, dukansu a ƙasar Kano, can saman kogin. Manoman Kadawa da Kura sun amfana, birnin Kano ya sami ruwan sha, ba mu yi musu baƙin ciki ba. Amma wa ya tambayi mutumin Haɗeja da na Nguru da na Gashuwa? Ambaliyar da ke zuwa a kan lokacinta ta ragu, ruwan da a ke saki duk shekara kuma ya raya ciyawar kacala, ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zama wani wuri ruwa ya ci gona ya ƙi janyewa, wani wuri kuwa ya bushe ƙurmus. Kogi ɗaya ne daga Tiga har Gashuwa, bai san an raba Kano da Jigawa da Yobe ba. Wanda ya tsara samansa bai dubi ƙasansa ba, ya ɗebe daga kwanon wani ya zuba a na wani, sa'an nan ya kira abin ci gaba.

HEDKWATA KO MUTUWA

To, da me aka maye gurbin taswirar ƙasa? Da ƙirƙiro jihohi. An yi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, aka yi ta ƙari a 1987 da 1991 da 1996 har suka kai 36. Tun daga nan doka ta zama ɗaya: garin da ya sami hedkwata ya sami sakatariya, da gidan Gwamna, da titi mai fitila, da rukunin gidajen ma'aikata, wanda bai samu ba ya rungumi ƙaddara. A 1991 aka ba Dutse aka bar Haɗeja, aka ba Damaturu aka bar Potiskum da Nguru, alhali kowa ya san inda kasuwa ta ke. Ba na ƙyashin Dutse ko Damaturu, mutanensu 'yan'uwanmu ne. Abin da na ke ƙi shi ne a ce arzikin gari ya rataya ga alƙalamin soja. Shi ya sa duk inda ka je sai ka tarar da dattawan gari sun kafa kwamitin neman jiha, suna yawon Abuja da takardun koke, maimakon kwamitin neman masana'anta. Ba su yi wauta ba, sun ga inda a ke rabon ne.

Ita hedkwatar ma me ta ke haifarwa? Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996. Ta sami ofisoshi, ta rasa masaƙa. Garin da dā ke sayar wa duniya abin da ya yi da hannunsa ya koma jiran albashin ƙarshen wata, albashin kuwa daga kason man fetur ya ke zuwa. In an yi jinkirin rabo a Abuja, sai mai shago a Gusau ya kwana bai yi ciniki ba.

Masana sun daɗe da yin gardama a kan wannan. Wani Bafaranshe mai suna Perroux ya koyar a shekarun 1950 cewa arziki ba ya tsirowa ko'ina lokaci guda, ya kan fara ne a wata cibiya sa'an nan ya yaɗu. Mahukuntanmu suka riƙe rabin maganar, suka ce a cika babbar randa, in ta tumbatsa ƙananan tukwane za su samu. Amma wani masanin ƙasar Suwidin, Gunnar Myrdal, ya yi gargaɗi a 1957 cewa wurin da ya riga ya yi ƙarfi ya kan tsotse mutane da dukiya daga na kewaye da shi in ba a tashi an hana ba. A nan gida ma Farfesa Akin Mabogunje ya rubuta littafi a kan biranen Nijeriya tun 1968. Ilmin yana nan, masu karanta shi ne ba sa kan kujera. Shekara sittin muna riƙe da tukwane a gindin randa, har yau ba ta tumbatsa ba.

Ku dubi manyan ayyukan zamanin nan ku ga inda suka bi. Jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, da bututun iskar gas daga Ajakuta zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka soma a 2020, da tagwayen hanyar mota, duka a kan zare ɗaya su ke, Abuja, Kaduna, Zariya, Kano. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka soma a 2021, mai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shi kaɗai ya kauce, kuma mun yi maraba da shi. Sai dai muna tambaya, an tanadi wurin loda hatsi da dabbobi a waɗannan tashoshi, ko kuwa talaka zai tsaya ne a bakin gonarsa yana ɗaga wa jirgi hannu?

KASUWA DA KAN IYAKA

Akwai kuma garuruwan da kasuwa ce ransu. Kasuwar shanu ta Potiskum tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, amma har yau da ransu a ke loda shanu a tirela, su yi kwanaki a hanya suna ramewa, a yanka su a kudu, ribar nama da ƙashi da ƙaho ta zauna can. Jibiya tana kallon Maraɗi, Illela tana kallon Birnin Ƙonni, Maigatari tana kallon Damagaram, cinikinsu da dangantakarsu sun girmi iyakar da Turawa suka shata. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka da sanarwa ɗaya, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. A 2023 aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris na 2024 aka buɗe. Wanda ya sa hannu a takardar yana Abuja, cefanen gidansa bai ragu ba. Ɗan dakon Jibiya da mai shayin Illela su suka biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da 'yan barandan Gwamnati za su ce. Za su ce rashin tsaro ne ya kashe waɗannan garuruwa, wa zai kafa masana'anta inda 'yan bindiga ke tare hanya? Ina amsa musu da cewa su duba kalanda. Gidajen gurza sun yi shiru, jirgi ya zama na jefi-jefi, tun kafin a san da ɓarayin daji a hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Za su kuma ce babu kuɗi. Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, amma shekaru da yawa kuɗin na bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun Gwamnoni, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kai tsaye. Kuɗi akwai, hanyar da su ke bi ce ke da rami.

Wani abin kunya kuma, mai tsarin bai ma san yawan mutanen da ya ke tsara wa ba. Rabon da a yi ƙidaya tun 2006, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta. Ita ta 2006 ɗin ma bisa ga ƙananan hukumomi aka bayyana ta, ba gari-gari ba. Yaya za ka auna wa gari bututun ruwa alhali ba ka san bakuna nawa za su sha ba? Ɗinki ke nan ba gwaji.

Kada mutumin Kano ko Kaduna ya ce wannan ba ta shafe shi ba. Saurayin da ya rasa aiki a Malumfashi ko Gumel ba ya komawa ƙauye, birni ya ke nufa, ya kwana a tasha ko a kango, ya ja baro ko ya tuƙa babur. Dā cin rani a ke zuwa a koma da damina, yanzu an zo ke nan. Cunkoso da tsadar haya da ƙarancin ruwa da ke damun manyan birane, a matsakaitan garuruwa aka shuka su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

ABIN DA MU KE NEMA

Jam'iyyarmu ba ta tsaya ga suka kaɗai ba. Na farko, a yi ƙidaya, a kuma bayyana ta gari-gari, kowane gari ya san kansa. Na biyu, a tsara ƙasa bisa ga yadda Allah ya shimfiɗa ta: yankin auduga a zauna a kansa gaba ɗaya, kwarin Haɗeja da Jama'are a raba ruwansa da shawarar na sama da na ƙasa, ko da jiha nawa ya ratsa. Na uku, a cika hukuncin Kotun Ƙoli ba tare da dabara ba, kuma kowace ƙaramar hukuma ta liƙa lissafin abin da ta karɓa da abin da ta kashe a ƙofar ofis, inda mai sayar da ƙosai za ta iya sa ɗanta ya karanta mata. Na huɗu, wutar lantarki da layin dogo su fara isa inda kaya ke fitowa: mayanka da ɗakin sanyi a Potiskum, gurza da matsar mai a Funtuwa da Gusau, casar shinkafa a Haɗeja. Na biyar, a gyara hanyoyin da ke kawo ƙauye kasuwa, a kuma tsare su, kafin a ƙara gadar sama ko ɗaya a gaban gidan Gwamna. Na shida, kada a sake rufe iyaka ba a ji ta bakin mutanen da ke zaune a kanta ba.

Ya ku 'yan'uwa talakawan waɗannan garuruwa, lokacin zaɓe za su zo muku da atamfa da taliya da ganga. Ku karɓe su da mutunci, ku shimfiɗa musu tabarma, sa'an nan ku ɗauko taswirar da ke cikin jakar ɗanku na makaranta ku buɗe a gabansu. Ku ce da mai neman ƙuri'a ya nuna garinku, ya faɗi abin da ya sa kakanninku suka zauna a nan, ya kuma faɗi abin da zai yi domin jikokinku su iya zama. In ya amsa, ku saurare shi. In ya soma kame-kame, ku rako shi bakin mota ku ce ya gai da gida.

Allah ya ba talaka sa'a.